Alkawarin Ƙarfe Biyu da Rabi

Duk mai gidan kallon ƙwallo a Gusau, daga Tudun Wada har Sabon Gari, ya san sau biyu a shekara sai ya goge allonsa ya sauya lokaci. Wasan Asabar na gasar Ingila da ake takewa ƙarfe uku na rana a watan Satumba, da Nuwamba ta kama sai ya koma ƙarfe huɗu. Na zakarun Turai da ake farawa ƙarfe takwas na dare sai ya koma tara. In Maris ta ƙare kuma komai ya dawo mazauninsa. Ba wanda ya taɓa agogon Najeriya. Su ma mutanen Ingila in ka tambaye su za su rantse maka ƙarfe uku suke take wasansu tun farkon kaka har ƙarshenta, kuma ba ƙarya suka yi ba. Agogonsu ne yake tafiya ya dawo.

Jamus ce ƙasar farko da ta mai da wannan al'ada doka, ranar 30 ga Afrilu, 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don a yi tsimin makamashi. Ingila ta bi sahu bayan mako uku. Dalilinsu a fili yake: a Landan wunin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba kuwa bai cika awa 8 ba. To maimakon a bar hasken safiya ya tafi a banza mutane na barci, sai a tura agogo gaba da awa ɗaya a bazara, a janyo shi baya in hunturu ya gabato. Mu a nan ba mu da wannan larura. A Gusau wuni mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta bai gaza 11 ba. A yau ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila suna sauya nasu ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Yawancin jihohin Amurka kuma, tun 2007, Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba. A daren Maris ɗin can, da agogon Amurka ya kai ƙarfe biyu sai ya yi tsalle ya dira kan uku. Babu biyu da minti ɗaya, babu biyu da rabi. A daren Nuwamba kuwa in ya kai biyu sai ya koma ɗaya, a sake maimaita awar nan tun daga farko.

Mutum ba ya shan wata wahala a kan wannan, barci yake yi ya tashi ya gyara agogon bango. Mai shan wahalar shi ne ma'aikacin da ba ya barci. Saƙon banki da ke shigo maka, da kuɗin data da ake cire maka kowane wata, da sakamakon jarrabawa da ake saki da tsakar dare, duk ba wani ma'aikaci ne ke zaune yana danna su ba. Wasu manyan kwamfutoci ne da masu harkar ke kira saba, wasu kuma suka raɗa musu uwar garke, suke yi. A cikin irin wannan kwamfuta akwai wata tsohuwar manhaja mai suna cron, wadda ta samo asali tun shekarun 1970. Aikinta na ɗan aike ne. Ana rubuta mata jeri: ƙarfe kaza ki yi kaza, ranar kaza ki aika kaza. Kowane minti sai ta dubi agogo ta dubi jerin, in sun dace ta zartar.

A ce wani matashi a Gusau ya rubuta wa wata ƙungiyar adashi ta mata a Tsafe manhaja. Kowace Lahadi da safe za a cire zubin naira dubu biyar daga asusun kowace mace, bayan awa ɗaya a tura kwasar ga wadda layi ya zo kanta. Ya yi hayar uwar garke a gabashin Amurka, inda irin waɗannan kwamfutoci suke jibge, aka kuma bar agogonta a kan lokacin can. A watan Disamba ya yi lissafinsa daidai: bakwai da rabi na safiyar Tsafe ita ce ɗaya da rabi na daren can, takwas da rabi kuma biyu da rabi. Haka ya rubuta, abu ya yi ta tafiya sumul har wata uku. Ranar Lahadi ta biyu ta Maris aka cire zubi, amma kwasa ba ta fita ba, domin ƙarfe biyu da rabi ba ta zo ba a daren. Mai ɗauka ta riga ta yi wa mai kayan ɗaki alkawari. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba kuma ɗaya da rabi ta zo sau biyu, wato shida da rabi da bakwai da rabi a Tsafe, aka cire wa kowace mace dubu goma. Ba ɓarawo a cikin lamarin, kwamfuta ma ba ta lalace ba. Abin da aka ce ta yi shi ta yi, ba ragi ba ƙari.

Tambayar da ke nan ta girmi kwamfuta. In ka yi alkawarin yin abu a wani lokaci, sai lokacin bai zo ba sam, alkawarin ya faɗi ko yana wuyanka? In kuma lokacin ya zo sau biyu, sau biyu za ka cika?

Malaman fiƙihu sun yi karo da rabin farko na wannan tambaya tun ƙarnoni da suka shuɗe. A shekarar 922 Ibn Fadlan, ɗan tawagar halifan Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga, cikin Rasha ta yau, ya kuma ba da labarin gajartar darensu a lokacin zafi. A irin waɗannan ƙasashe akwai kwanakin da jan sararin magariba ba ya gushewa har alfijir ya keto, ke nan alamar shigar lisha ba ta bayyana. Malaman mazhabar Hanafiyya suka rabu. Wasu suka ce tunda lokacin bai shiga ba, sallar ba ta wajaba ba, suka kawo misalin wanda aka yanke wa hannuwa daga gwiwa, wanda wanke hannu a alwala ya faɗi a kansa saboda babu wurin wankewa. Wasu, cikinsu har da Ibn al-Humam na Masar, suka ce a'a, lokaci alama ce kawai, ɓacewar alama ba ta ɗauke wajibi, sai a ƙaddara lokacin a yi. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fage ne na masu shi. Abin da ya ja hankalina shi ne masu rubuta manhaja, ba tare da sun taɓa jin wannan saɓani ba, sun rabu gida biyu a kan layi ɗaya. Akwai manhajojin jadawali da in awa ta ɓace sai aikin ya ɓace tare da ita. Akwai kuma zuriyar cron ɗin da Paul Vixie ya fara fitarwa a 1987, wadda sigoginta na baya suka ɗauki wata ƙa'ida: in agogo ya yi tsalle gaba da abin da bai kai awa uku ba, duk aikin da aka tsallake a yi shi nan take, in kuma baya ya koma, aikin da aka sa wa tsayayyen lokaci kada a maimaita shi. Wato ramuwa a Maris, kamewa a Nuwamba.

Ni dai ra'ayina yana tare da gida na biyu, kuma dalilina ba na kwamfuta ba ne. Matar nan ta Tsafe ba da agogo ta ƙulla adashi ba. Da 'yan uwanta mata ta ƙulla, cewa kowane mako za ta zuba sau ɗaya, in layinta ya zo ta kwasa. Ƙarfe biyu da rabi suna ne kawai da aka sa wa wani ɗan gurbi a cikin dare don ɗan aike ya gane inda zai tsaya. In an goge sunan, haƙƙin matar yana nan. In an rubuta sunan sau biyu, bashin da ake bin ta bai ninku ba. Hausawa da suka ce alkawari kaya ne, ai mutum suka ɗora wa kayan.

Sai dai ramuwa ma ba kullum take magani ba, kuma mutanen Zamfara sun fi kowa sanin haka. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni a haka, wasu yankunan ma watanni. Mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta neman sabis. Duk wanda ya isa inda waya ke kamawa, sai saƙonnin WhatsApp su zubo masa lokaci guda kamar an ɓalle bakin buhu. Wayar ta rama duk abin da ake bin ta, ba ta ci ko ɗaya ba. To amma a cikin saƙonnin akwai mai cewa an turo maka kuɗi, wannan ko bayan wata guda ya iso yana da amfani. Akwai kuma mai cewa za a yi jana'iza ƙarfe biyu, wanda ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Na farko bashi ne, jinkiri ba ya kashe shi. Na biyu kamar jirgi ne, in ya tashi ya tashi. Na'ura ba ta da yadda za ta bambance su, domin a wurinta duka saƙo ne. Wanda ya san abin da aikin yake nufi ga mutane shi kaɗai zai iya cewa wannan a rama, wancan a bari, wancan kuma a rama amma a haɗa da ban haƙuri.

Abin da ke rikita mu, a ganina, shi ne kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa uku. Akwai lokacin da rana ke yankewa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar sakaliya, almuru. Wannan ba majalisar da ta isa ta taɓa shi. Akwai lokacin da ake ƙirgawa, kamar maganin da likita ya ce a sha duk bayan awa takwas, ko shinkafar da ke kan wuta. Shi ma ba ruwansa da abin da bango ya nuna, jikin majiyyaci awa takwas ya sani. Sannan akwai lokacin bango, na ofis da makaranta da tashar mota, wanda yarjejeniya ce tsakanin mutane, hukuma ta sa masa hannu. Na ukun nan kaɗai ake iya turawa a janyo, kuma duk ɓarnar da ake samu tana zuwa ne in an ɗaure aikin da ke na farko ko na biyu a jikin na uku.

Ɗauki misalin azumin 2024. Turai ta tura agogonta ranar 31 ga Maris, ana cikin watan Ramadan. A ce akwai mai aika wa mutanen Bungudu saƙon tunin buɗa-baki daga wata uwar garke da ke kan agogon Jamus. A hunturu agogon Jamus da namu ɗaya ne, don haka ba zai ga wata matsala ba tun farkon wata. Ran nan sai saƙon da ya saba shigowa wajen bakwai saura kwata ya shigo shida saura kwata. Wa zai sha ruwa? Babu. Ko yaro ya ɗaga kai zai ga rana tana nan a sama, ladan kuma bai ce komai ba. A nan kuskuren na'ura abin dariya ne, saboda akwai shaidar da ta fi ta ƙarfi a sararin sama. Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana, sai dai uwar ɗiya ta yi. Amma kuɗin da aka cira daga asusu da sanyin safiya ba shi da ranar da za a ɗaga kai a duba. Nan ne dariya take ƙarewa.

Kada kuma mu ɗauka namu agogon daga sama ya faɗo. Shi ma sa hannun hukuma ne. A zamanin Turawa sai da agogon Legas ya sauya sau da dama: an bi na Greenwich, an koma na ranar Legas, a 1914 aka tsayar da shi rabin awa gaba da Greenwich, sannan ranar 1 ga Satumba, 1919 aka mai da shi awa ɗaya cif, inda yake har yau. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, da wannan agogon ya zo, domin jirgi ba ya tashi da “bayan la'asar”. Awa ɗaya gaba da Greenwich kuwa lokacin rana ne na wuraren da ke can gabas, wajen Chadi. Gusau tana yamma da nan sosai, shi ya sa in agogo ya buga sha biyu rana ba ta kai tsaka ba tukuna, sai wajen sha biyu da rabi, wani lokacin ma har kusan ɗaya saura kwata. Ashe mu ma a kan agogon da aka tura gaba muke zaune, da kimanin rabin awa, fiye da shekara ɗari ke nan, ba mu ma sani ba. Bambancinmu da Turai shi ne namu an tura shi sau ɗaya an ƙyale shi. Ladanan Bungudu kuwa ba su taɓa ruɗewa ba, sun san mutumin Maiduguri zai riga su shan ruwa da fiye da minti ashirin ko da agogonsu ɗaya.

Masu sana'ar sun daɗe da gano dabarun kauce wa ramin. Ta farko, a ajiye uwar garke a kan agogon duniya da ake kira UTC, wanda ba ya gaba ba ya baya, kusan shi ne agogon GMT da masu sauraron rediyo suka saba ji. Ta biyu, in aikin na mutanen Najeriya ne a rubuta shi da sunan yankinsu, wanda a kundin lokutan duniya ake kira Africa/Lagos, kuma shi ne Nijar ma take bi. Ta uku, wadda ta fi burge ni saboda tsohuwar hikimar kasuwa ce, kafin na'ura ta cire kuɗi ta fara duba littafi: an riga an karɓi zubin wannan mako daga wannan mata? In an karɓa ta janye hannu, ko sau goma agogo ya buga. Kowace uwar adashi da ke da ɗan littafi a ƙarƙashin filo ta san wannan.

Duk da haka dabara ba ta gama magana ba, domin lokacin bango a hannun masu mulki yake, su kuwa suna iya sauya ra'ayi da daddare. A Maris na 2023, saura kwana biyu ko uku a tura agogo, gwamnatin Labanan ta Najib Mikati ta sanar da ɗage sauyin zuwa ƙarshen azumi. Cocin Maroniyawa da wasu makarantu da gidajen talabijin suka ce ba su yarda ba. Ƙasar da ba ta kai jihar Zamfara girma ba ta wayi gari da agogo biyu, wayoyi wasu sun tura wasu ba su tura ba, har sai da gwamnati ta janye bayan 'yan kwanaki. Maroko kuma daga 2018 ta riƙa janyo agogonta baya da awa ɗaya in azumi ya zo, ta mai da shi bayan salla, ga shi kuwa watan azumi yawo yake cikin shekara. Duk irin wannan sauyi sai an shigar da shi cikin kundin nan na lokutan duniya, wanda Arthur David Olson ya assasa a shekarun 1980, Paul Eggert na wata jami'a a Kalifoniya yake jagoranta, tare da 'yan sa-kai. Wayar da ke hannunka, mai karatu, da wannan kundi take sanin ƙarfe nawa. Abin mamaki ne yadda aiki mai nauyi haka ya rataya a wuyan mutane ƙalilan da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansu ba.

Saura maganar laifi, wadda ita ce ta fi damuna. Mun shiga wani zamani da in abu ya lalace amsa ɗaya ake ba ka ta bayan kanta: matsalar netwok ce, ko na'ura ce ta yi. Ana faɗin haka kamar ana maganar ruwan sama ko fari, abin da ba hannun kowa. Alhali a al'adarmu in ka aiki yaro da kuɗi ya kai gidan da ba shi ba, ba a kama yaron, kai ake nema, don kai ka zaɓe shi, kai ka yi masa kwatance. Na'ura ta fi yaro rashin wayo. Yaro in ya isa ya tarar an rufe shago zai dawo ya faɗa, in aka ce ya karɓo kuɗin da ya riga ya karɓo zai ce ai na karɓa ɗazu. Ita ba ta da niyya, ba ta jin kunya, ba ta san Hajiya ba balle ta ji nauyinta. Duk wani tunani da ya kamata a yi, dole wanda ya aike ta ya yi shi tun kafin ya tafi barci. Matashin can na Gusau ba shi ya ƙirƙiro agogon bazara ba, ba a kuma shawarce shi ba ranar da majalisar Amurka ta matsar da ranakun sauyi. Wannan gaskiya ne, kuma akwai rashin adalci a cikin yadda hukuncin da aka yanke don hasken yammacin wata nahiya yake faɗowa kan asusun mai sayar da ƙuli-ƙuli. Amma shi ya karɓi amanar kuɗin mata, su ba su san wata Amurka a cikin lamarin ba, shi suka sani. Uzurinsa zai iya rage masa zargi, ba zai mai da dubu biyar ɗin kowa ba.

Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da nake auna masu cewa na'ura ce da shi. In kuskuren ya faɗa ta gefen da mai na'ura ke asara, misali aka biya ma'aikata albashi sau biyu, kafin azahar an gano, an kira taro, an janye kuɗin. In kuwa ta gefen talaka ya faɗa, sai a ce ya cike takarda ya jira kwanakin aiki. Na'urar ɗaya ce, awar da ta maimaitu ɗaya ce, saurin gyaran ne ya bambanta, shi kuwa saurin gyara ba kwamfuta ke yanke shi ba. Matar da aka cire wa zubi sau biyu a Tsafe, in ba a mai da mata da kansu ba, sai ta bar sana'arta ta wuni guda, ta biya kuɗin mota zuwa Gusau da dawowa, a kan hanyar da kowa ya san ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba, don ta je ta tabbatar wa wani cewa Lahadi ɗaya ce ta yi a makon.